Jirage Biyu Na 1885 Da Takardar Ɗan Cin Rani

Da zarar an yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega ta zama hanyar sallama. Tun da duku-duku samari ke tsaye a bakin titi, kowa da jakarsa ta leda mai ratsin ja da shuɗi, a cikinta riga biyu, bargo, tocila, da ƙullin gari da ƙuliƙuli da uwa ta cusa a gefe. Mai ɗan hali ya shiga bas, marar hali ya haye saman tirelar shanu ko ta albasa, ya rungumi katako har Badun ko Ikko. Ka tambayi ɗayansu ina za shi, zai ce Kurmi. Wurin wa? Wurin wani ɗan garinsu da ya ce ya taho. Nawa za a riƙa biyansa? Sai ya je ya gani. Abin da ke tsakaninsa da duniyar da zai faɗa bai wuce lambar waya guda ba, wadda in ta ƙi shiga shi ke nan. Mai unguwa bai rubuta fitarsa ba, hakimi bai san adadinsu ba, sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa ba ta lissafa abin cikin aikinta ba. Mun saba gani har mun ɗauka haka tafiya take. Ni a ganina sakaci ne babba, kuma ba yau muka fara shi ba. Wannan ne karo na biyu da muke shiga ma'amala tsakanin baƙo da mai gida alhali takarda na hannun wani. A karon farko mu ne masu masauki, muka yi asarar ƙasa. Yanzu mu ne baƙin, muna asarar gumi da rayuka. Shekara guda a tarihi, 1885, ta ishe mu hujja.

Kafin jirgin ruwa mai aiki da tururi, wanda zai ƙetare teku daga Ingila zuwa Amurka sai ya miƙa wuya ga iska, ya yi wata guda ko mako shida a kan ruwa cikin cunkoso da cuta. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 jirgin tururi ya mayar da tafiyar kwana 10 ko ƙasa da haka, kuɗin jirgi ya sauko, talakawa miliyoyi suka kwarara zuwa Amurka da Kanada da Ostireliya. Wannan jirgin kuma shi ya iya abin da ya gagari jirgin iska, wato hawan kogi yana gaba da ruwa. A 1832 Macgregor Laird ya shigo Kwara da jirage biyu, zazzaɓi ya yi musu kisan kiyashi, cikin Turawa 48 guda 9 kaɗai suka koma gida. A 1854 jirgin Pleiad ya hau Kwara da Binuwai a ƙarƙashin Dakta Baikie, ana ba kowa kwinin kullum, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daga nan ƙofar kudu ta buɗe. Daular Sakkwato da ta saba ganin baƙin nesa suna saukowa daga arewa a kan raƙuma ta Agadas, sai ga su sun ɓullo mata ta bayan gida.

A ranar 8 ga Fabrairu 1885 wani jirgin tururi mai suna City of Tokio ya tsaya a tashar Honolulu ta tsibiran Hawayi, ɗauke da Japanawa fiye da 940, maza da mata da yara. Manoma ne, mafi yawansu daga yankunan Yamaguchi da Hiroshima, waɗanda harajin gona da aka mayar na tsabar kuɗi tun 1873 ya haɗu da faɗuwar farashin shinkafa ya tsiyata su, har da yawa suka rabu da gonakin gado. Yunwa da bashi ne suka fitar da su, kamar yadda suke fitar da namu, shi ya sa mutum kimanin 28,000 suka nemi gurbi a wannan jirgi ɗaya. Aikin da ke jiransu noman rake ne a manyan gonakin Turawa, aikin bauta in ban da suna: ana rataya wa mutum ɗan ƙarfe mai lamba a wuya, da lambar ake kiransa, da ita ake biyansa, da ita yake cin bashi a kantin mai gona, mai tsaron lebura kuwa yana bisa doki da bulala. Amma kowannensu ya sauka da yarjejeniya rubutacciya wadda gwamnatocin biyu suka san da ita. Shekara 3 ce, kwana 26 a wata, awa 10 a gona kullum, dala 9 ga namiji, 6 ga mace, ban da kuɗin abinci. Masauki da magani da kuɗin jirgin zuwa ba a wuyansa suke ba. Ana kuma cire wani kaso na albashinsa a ajiye masa ta hannun ƙaramin jakadan ƙasarsa, don kada wa'adi ya cika ya koma gida hannu rabbana.

Yadda aka kai ga wannan takarda ya fi abin da ke cikinta muhimmanci. Tun a 1868 wani dillali Ba'amurke, Eugene Van Reed, ya kwashi Japanawa kimanin 150 ya kai su Hawayi ba da izinin sabuwar gwamnatin Japan ba. Da labarin wahalarsu ya iso gida, sai gwamnatin ta tashi wakili takanas a 1869, ya je ya tattauna, aka dawo da mutum kimanin 40 da suka zaɓi komawa, sannan ta rufe ƙofar fitar da leburori. Sarkin Hawayi, Kalakaua, da kansa ya je Tokiyo a 1881 yana neman ma'aikata, duk da haka sai da aka ƙara shekara huɗu kafin jirgin farko ya tashi. Da koke-koke suka sake tasowa cikin 'yan watanni, a jirgi na biyu aka aiko da wakili na musamman ya bincika, kuma a Janairun 1886 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta tanadi tafintoci da likitoci Japanawa a gonakin. Tsakanin 1885 da 1894 mutum kimanin 29,000 suka tafi a kan wannan tsari. Da gwamnati ta bar wa kamfanoni aikin, sai ta yi dokar kare masu ƙaura a 1896, wadda ta wajabta wa kowane kamfanin dillanci lasisi da ajiye kuɗin jingina a hannun hukuma, saboda in ya yasar da mutum a ƙasar wani a sami abin da za a dawo da shi. A taƙaice, talakan da ba shi da ko takalmi ya fita yana sane cewa akwai littafin da sunansa ke ciki, akwai kuma wanda za a tambaya in ya ɓace.

A farkon wannan shekara ta 1885, daidai lokacin da Turawa ke rufe taron Barlin inda suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka, wani matashi ɗan Sikotland mai suna Joseph Thomson ya bar Libaful. Kamfanin George Goldie, National African Company, shi ya ɗauko shi, kuma an sa shi gaggawa ne domin ya riga Bajamushe Eduard Flegel isa Sakkwato. Jirgin tururi ya haura da shi Kwara har Rabba a ƙasar Nufe, daga nan ya hau doki. A ranar 1 ga Yuni ya sami yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba a Wurno, bayan kwana goma sha biyu ya sami irinta daga Sarkin Gwandu Maliki. Abin da rubutun Turancin ya ce shi ne Sarkin Musulmi ya sallama wa kamfanin dukkan haƙƙinsa a kan ƙasar da ke gaɓa biyu na Binuwai da rafukan da ke zuba cikinta, ya keɓe masa ciniki da haƙar ma'adinai, kuma duk baƙon da ya biyo kogi ba zai sadu da shi ba sai ta hannun kamfanin. Ladan wannan duka buhu 3,000 na wuri a shekara. Babu mai hankalin da ya san yadda daular take da zai yarda cewa jikan Muhammadu Bello ya sayar da Adamawa da Muri a kan wuri. A Sakkwato kuɗin gaisuwa ce irin wadda fatake ke kawowa don a bar su su yi ciniki cikin aminci. Shaida ma ta zo da wuri: Bajamushe Paul Staudinger ya isa fadar 'yan watanni bayan Thomson, ya kuma rubuta cewa an shaida musu ba a sallama wa kowa ƙasa ba, kasuwa a buɗe take ga duk wanda ya zo.

Sai dai musun da aka yi a Wurno a Wurno ya tsaya, takardar kuwa ta hau jirgi ta tafi Landan. A 1886 kamfanin ya sami izinin sarautar Ingila na yin mulki, ya koma Royal Niger Company. A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, suka ce duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗa rabon kamfanin, ba tare da ko mutum ɗaya daga Sakkwato a wurin ba. An yi ta gyara layin daga baya, amma iyakar da ta raba Illela da Ƙonni a yau jikarsa ce. A 1897 sojan kamfani suka ci Bida da Ilori, ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. A watan Maris 1903 rundunar da ta ci Kano ta haɗu da wadda ta taso daga Argungu a nan garin Shagari, daga nan suka nufi Sakkwato, aka gwabza a Giginya ranar 15 ga wata. Gaskiya ne Lugga bai dogara da takardar Thomson ba, cewa ya yi da yaƙi ya ci ƙasa. Amma kafin ya zo takardar ta riga ta gama aikinta, ta kori Faransa da Jamus daga fage, ta bar Sakkwato da abokin gaba ɗaya wanda ba mai tsawata masa. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Cikin shekara 18 masu karɓar baƙi suka koma masu neman masauki.

Wani zai ce ai an cuce mu ne don ba mu da ilimin rubutu. Wannan magana ba ta da tushe, kuma mutanen Boɗinga sun fi kowa sanin haka. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna shekaru yana karantarwa yana wallafa littattafai, a nan ya raba kulawar daula tsakanin ɗansa Bello da ƙanensa Abdullahi a 1812, shi kuma Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna kafin ya koma Gwandu. Daula ce da aka gina da tawada da alƙalami, gidan Waziri na aika wasiƙu masu hatimi zuwa Kano da Bauci da Yola. Fiƙihunta ya san hukuncin baƙon da ya shigo da amana, kuma a kansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba Heinrich Barth takardar aminci ga fataken Ingila a 1853. Abin da ya ɓace mana wani abu ne dabam. Ba mu da mutum a inda ake karanta ɗaya kwafin. Babu wakilin Sakkwato a Landan, babu a Akasa inda jiragen kamfani ke shigowa, babu wanda aikinsa ne ya bi sawun takarda ya ji me ake cewa ta ce. Japan ta bi mutanenta har bakin gonar rake da tafinta da jakada. Mu mun karɓi baƙo da karamci, mun sallame shi da karamci, ba mu bi bayansa ba. Ba na faɗin haka don aibanta magabata, domin duniyar da suka sani ba ta taɓa nuna musu kamfani mai soja da jirgi ba. Mu da muka ga ƙarshen labarin ne ba mu da uzuri.

Ko talakan Ingila da ke ƙaura a wannan zamani bai fita shi kaɗai ba. Dokar fasinjoji ta 1855 ta ƙayyade wurin kwana da abinci da ruwan da za a ba kowa a jirgi, kuma sai jami'i ya duba kafin a bar jirgi ya tashi. A 1886 aka buɗe ofis a Landan wanda aikinsa kawai gaya wa mai niyyar tafiya gaskiyar albashi da tsadar rayuwa a inda za shi. A Kanada kuma dokar 1872 ta ba shi eka 160 a kan kuɗin rajista dala 10. Ingila ta san darajar takarda a hannun nata, ta kuma san amfaninta a kan wasu.

To mu fa? Cin rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙidaya a hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, aka ƙirga matafiya fiye da 250,000, har da 'yan ƙasar Faransa masu ratsawa, kamar yadda masanin ƙasa Mansell Prothero ya bayyana a bincikensa. Fiye da shekara saba'in ke nan, kuma abin kunya ne a ce Turawan mulkin mallaka sun fi mu damuwa da sanin adadin masu fita. Magabatanmu ba su bar matafiyi haka kawai ba, sun gina masa zango. Daga Salaga zuwa Kumasi, daga Sabon Badun da aka kafa a 1916 zuwa Agege, akwai sarkin zango ko sarkin Hausawa, akwai maigida mai saukar da fatake, mai tsaya wa baƙo a ciniki, mai bin masa bashi, mai yi masa sutura in ya rasu. Aikin jakada ne ba tare da albashi ba. Amma ranar da ƙasa ta shiga matsi, maganar maigida ba ta ratsa kunnen hukuma. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. 'Yan Najeriya sama da 100,000 suka taso, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zangon Kumasi ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka karyar da gidaje da shaguna. A ranar 17 ga Janairu 1983, a mulkin ɗan wannan gari, Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, Najeriya ta yi irin wannan, lokacin da kuɗin mai ya karye. Waɗanda suka fita an ƙiyasta sun kai miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai ratsi da samarinmu ke ɗauka a bakin titi daga wannan kora ta samo sunanta na gana-mas-go. A duka biyun tambaya ɗaya aka yi wa baƙo, ina takardarka, kuma shekarun da ya yi yana zaman lafiya da maƙwabta ba su amsa masa ba.

Yau fagen ya ƙara faɗi, haɗarin ya ƙaru. Akwai masu bin Agadas su shiga Libiya, inda a 2017 duniya ta ga hoton ana gwanjon baƙaƙen fata. Akwai mata da 'yan mata da dillalai ke kaiwa aikatau Saudiyya da alkawarin baki, a karɓe fasfo ranar sauka. Akwai mai gadi a Fatakwal da ya yi wata takwas ana ce masa gobe, da ɗan acaɓan da aka ƙwace wa babur a Ikko bayan hanin 2022, da ɗan kasuwar da aka ƙona wa rumfa a Shasha ta Badun a Fabrairun 2021. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ko zirga-zirgar da yarjejeniyar 1979 ta halatta yanzu a kan alfarmar gwamnatoci take tafiya. Abin takaicin shi ne doka tana nan. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku, ta kuma hana ɗibar leburori ba lasisi. Kafin ita ma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ladan lebura kuwa bashi ne a wuyan wanda ya sa shi aiki. Mu ne muka mayar da neman rubutu tamkar rashin yarda da mutum, har yaro na jin nauyin ya ce a rubuta masa.

Na san abin da za a ce. Za a ce takarda ba ta hana Japanawa shan bulala ba, ba ta hana Amurka rufe musu ƙofa a 1924 ba, ba ta hana a tsare mutum kimanin 120,000 masu asalin Japan a sansanoni a 1942 ba. Za a ƙara da cewa gungun da ya kashe mafarauta 16 'yan Kano a Uromi a ƙarshen Maris 2025 ba karatun kati ya fito yi ba. Duk gaskiya ne, kuma wanda ya ce takarda laya ce ya yi ƙarya. Amma a duba bambancin. Amurka ta hana Sinawa shiga da doka kai tsaye a 1882. Da ta zo kan Japanawa a 1907 sai da ta zauna da gwamnatinsu aka daidaita, aka bar waɗanda ke can su kawo matansu, a kan haka zuriyarsu ta kafu har ta fitar da sanata Daniel Inouye da gwamna George Ariyoshi. Waɗanda aka tsare a 1942 kuwa, saboda sunayensu da kwanakinsu na rubuce, a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara ta biya kowane mai rai dala 20,000. Takarda ba ta hana zalunci faruwa kowane lokaci, amma tana tsadar da shi, tana kuma barin sawun da za a bi. Wanda ba a rubuta fitarsa ba, in ya ɓace, uwarsa ce kaɗai shaida.

Za a kuma ce Japan ƙasa ce mai ƙarfi, mu ƙaramar hukuma muke magana. A nan ma tarihi bai goyi bayan mai musu ba. Japan ta 1869 da ta 1885 ba ta da ƙarfin da ake tunani. Jiragen tururin Amurka ne suka tilasta mata buɗe ƙofa a 1854, tana ɗaure da yarjejeniyoyin da suka hana kotunanta hukunta Bature a cikin ƙasarta har 1899, nasararta a kan Sin da Rasha duk daga baya suka zo. Abin da take da shi a lokacin niyya ce da littafi da wakili. Filifin ma ba ta da jirgin yaƙin da zai tsorata kowa, amma tun 1982 take da hukumar da ke tantance kwangilar duk ma'aikacin da zai fita, a 2022 ta mayar da ita ma'aikata sukutum. Musun da ya fi nauyi a wurina shi ne na masu tsoron kada rajista ta koma shingen karɓar na goro, ko ta zama izinin fita, alhali sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa inda ya so. Tsoron yana kan hanya, domin talaka bai manta da ƙidayar da ke zuwa da haraji a bayanta ba. Maganinsa a yi abin kyauta, ba tilas, kuma wanda ya rubuta sunansa ya ga amfanin da zai sa ɗan'uwansa ya bi sahu. Masu cewa a tsayar da samari gida da noman rani a madatsar ruwan Shagari da fadamun Boɗinga ina tare da su ɗari bisa ɗari, amma ko an wadata kowace fadama da injin ban ruwa ba za ta ɗauke kowa ba, kuma yaron da zai hau tirela bana ba zai jira a gama gina magudana ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Littafi ne a gidan kowane mai unguwa, a rubuta sunan mai fita, garin da za shi, sunan mai masaukinsa, da lambar wanda za a kira a gida, hakimi ya tattara ya miƙa wa sakatariya. Sai takardar alkawari shafi ɗaya, da boko da ajami da Turanci, wadda yaro zai ɗauka ya miƙa wa duk wanda zai sa shi gadi ko dako ko haƙar rijiya, a rubuta lada da ranar biya a gaban sarkin Hausawan wurin. Gwamnatin jiha kuma ta ajiye jami'i da lauya a Ikko da Badun da Fatakwal, su yi aiki tare da sarakunan Hausawa, domin su ne ofisoshin jakadancin da muka gada, abin da suka rasa hatimin hukuma ne a bayansu. Dillalan da ke kai mutane ƙetare kuwa, a riƙa karanta sunayen masu lasisi a gidan rediyon Rima, limamai su maimaita a masallatan Juma'a, majalisar dokokin jiha ta matsa a wajabta musu kuɗin jingina irin na Japan ta 1896. Shugabannin ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga, iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni, ku ne kuka san waɗannan yara da sunayen iyayensu. Kaka na tafe. Ku buɗe littafin kafin motar farko ta tashi.